Gunduwa Nawa Za A Yi Wa Taɓaryar Inna?

Yau ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba, ku yi mini afuwa, wani abu ne da ya faru da ni ni kaina, wanda tun 2023 nake cewa zan rubuta ina ɗagawa. Abin da ya taso mini da shi kuwa, shekaranjiya ina gyaran durowa na fito da wata 'yar gunduwar itace mai tsagu a gefe, ƙunshe cikin leda, na ajiye a bakin gado. Kafin in juyo autana ya ɗauka wai zai kai murhu. Na daka masa tsawar da ni kaina sai da na ji kunya, ya tsaya sororo yana kallona, don shi dai itace ya gani.

Waɗanda suka san ni sun san tun da kasuwar littafi ta kwanta, karatu ya koma cikin waya, na haɗa rubutu da sana'ar humra da turaren wuta. Wata maƙwabciyata 'yar Maiduguri ce ta koya mini, su ne rikicin Boko Haram ya koro Kaduna a 2014 suka kama haya a layinmu nan Katabu. Haɗin ba shi ne wahala ba, in hannunka ya faɗa ya faɗa. Wahalar tana wajen kwalba. Sabuwar kwalba mai kyau tsada gare ta, don haka nake sayen tsofaffi masu kauri da kyan ƙira wajen 'yan gwangwan, na zuma da na man zaitun da na madarar turare, in wanke su da ruwan zafi in shanya. To amma rabinsu ba su da marfi. Mu da muka tashi a zamanin da ake toshe kwalbar kananzir da ta man gyaɗa da totuwar masara a naɗe da leda, mun san toshe kwalba ba abin tashin hankali ba ne, sai dai ina za ka kai wa amarya humra da totuwa a baki?

A nan bakin titi, kusa da inda hanyar Pambeguwa da Jos ta rabu da babban titin Kaduna zuwa Zariya, inda tireloli da tankoki suke kwana, akwai wani dattijo mai injin murza katako. Ƙafar gado da ta kujera da ta tebur yake yi wa kafintoci. Injin nasa shi ya harhaɗa abinsa da ƙarafunan da ya tsinto a Panteka, bel ne ke jan sa, a ɗaura katako tsakanin ƙarfe biyu yana juyawa da gudu, shi kuma ya kanga masa bakin cizal yana ci har ya zama mulmulalle. Tare suka yi ƙuruciya da mahaifinmu, don haka Baba nake ce masa, shi kuma in yana jin tsiya ya ce mini Malama mai littafi. Wata rana na tsaya jiran mota a gaban rumfarsa na ga wani ɗan ƙwallo da ya murza na kan gadon jarirai, sai zuciyata ta ce, wannan ai marfin kwalba ne aka rasa mai gane shi.

A watan Oktoban 2022 wata Hajiya daga cikin gari ta ba ni aikin kwalba 60, na lefen ɗanta da na rabon biki. A lokacin an riga an sa ranar 'yata ta fari, wadda ba zan kama sunanta ba, kun san dalili. Na ce to ga gwaji ya samu, in ya yi kyau sai in yi wa tawa.

Na je wajen 'yan katako. Mai shagon ya nuna mini tu-bai-tu, wanda a suna inci 2 ne ko ta ina, amma duk wanda ya taɓa sa masa tef ya san bai cika cika ba. Na ji kuɗin na ja da baya. Can gefe na hango tarin ragowar malaina da aka tsattsaga sirara, kaurin inci 1, ana sayarwa kamar kyauta. Na yi lissafi irin nawa na 'yar sakandare: bakin kwalbata inci 1 ba kwata ne, katakon nan inci 1 ne cif, ashe har da rara. Na ɗaure su a bayan mai babur na yi wajen Baba ina jin kaina mai wayo.

Baba ya zaro ɗaya ya jinjina a hannu, ya kara a kumatunsa, ya ce, "'Yar nan, wannan ɗanye ne, ji sanyinsa. Sannan ya yi siriri."

Na ce, "Baba ai ya fi bakin kwalbar."

Ya ce, "Ya fi shi yanzu da yake da kusurwa huɗu. In na ɗora a inji kusurwoyin nan ne za su fara tafiya, kuma ba a taɓa ɗaura katako ya zauna a tsakiya daidai wa daida ba, sai na ƙara ci kafin ya mulmulu. Abin da zai rage da ƙyar ya fi bakin kwalbar. To kan da za a kama a zare fa, da me zan yi shi?"

Na ce a yi shi ƙarami, ai ƙarami ma ya fi kyau. Ya ce tsawon fa? Na ce inci bibbiyu. Ya yi dariya ya ce haƙoran injin nan suna da nasu rabo a kowane gefe, zarto ma yana da nasa, ba su kuma karɓar bashi. Na dage. Ku da kuke karanta littattafaina kun san halinmu na marubutan kasuwa, labarin da bai wuce littafi biyu ba mu ja shi har na huɗu, kowane a sirance, don a sayar sau huɗu. Hali zanen dutse. Ido ɗaya na kalli katakon nan da shi. Da ya ga ba zan ji ba sai ya ce, "To shi ke nan, aikinki ne, amma ki shaida na faɗa."

Ya yi su kuwa. Suka fito firit-firit kamar guntun alli, kan ko kamuwa ba ya yi sai da farce. Amma da na cusa a kwalba suka zauna dam, na kifa kwalbar ko ɗigo. Na ce a raina tsofaffi dai da son tsoratarwa. Na kai wa Hajiya kayanta a farkon Nuwamba, ta yaba, ta biya.

Sai hunturu ya sauka.

Ranar wata Talata a Disamba, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Hajiya ce da ƙanwarta, direba na biye da su da akwati. Ko zama ba ta yi ba ta sa aka buɗe. Ƙamshi ya fara dukana kafin idona ya gani. Kwalba 6 ta kwantar a cikin akwatin a tsakanin kaya, huɗu sun tsiyaye, leshi biyu da shadda ɗaya sun sha mai, taswira guda-guda rawaya a jikin farin leshi. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta girgiza a saitin kunnena, marfin yana ƙwas-ƙwas a ciki kamar haƙorin tsohuwa. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa ta yi, "Malama, ni saboda littattafanki na neme ki, na ɗauka mai wannan hankalin ba za ta yi aikin ha'inci ba." Kishiyar maƙwabciyata tana leƙe ta katanga. 'Yan kunnena na zinare da na ajiye don bikin 'yata, su na kai kasuwa na biya kayan.

Da na koma wa Baba da marafan a leda bai ce ai na gaya miki ba, Allah Ya saka masa. Ya ɗauki ɗaya ya mirgina a kan benci, maimakon ya gangara sumul sai ya riƙa tafiya yana ɗingishi. Ya ce in duba, da'ira ya ba ni, yanzu ya koma ƙwai. A nan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ban yi a makaranta ba. Itace in yana bushewa ba ya raguwa ta tsawo sai abin da ba a rasa ba, ta kauri yake motsewa. Kuma ba daidai yake motsewa ba, gefen da ya bi zoben nan da ake gani in an gundule itace yakan motse kusan ninki biyu na gefen da ya nufi cibiya. To marfin da aka murza da ɗanyen itace a ƙarshen damina, ya zo ya haɗu da iskar hunturun da ke tsaga leɓe da diddige, ina zai tsaya? Da a ce da kauri a jikinsa da tsawo a wuyansa, in ya motse sai a ƙara danna shi ya nutsa ya sake kamawa, don wuyan marfi a tsuke ake yin sa ƙasa, yana faɗi yana hawa. Nawa kuwa ba inda za su nutsa, na riga na cinye rarar tun a wajen 'yan katako. Araha ba ta ado.

Na ce to wane itace ne ba zai yi mini haka ba? Ya ce kowanne, in ya bushe. Amma in kyau ake so da nauyi a hannu, ga maɗaci, ga kawo, ga kanya, ga ƙirya. Madobiya ta fi su duka ado, sai dai ta yi wuya tun shekarun da aka yi ta lodinta a tirela ana kai wa tashar jiragen ruwa zuwa Sin, har a 2017 aka shigar da ita jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu. Ya ce shi da zai samu tsohon itacen da ya shekara ashirin a ɗaki, ƙyauren da aka cire ko ƙafar tsohon gado, ya fi masa sabon katakon da za a sauke yau.

Yana faɗin haka taɓaryar Inna ta faɗo mini a rai.

Inna ta rasu a 2019. Da aka raba 'yan kayanta, taɓaryar ba wanda ya ce uffan a kanta don kai ɗaya ya tsage, ta biyo kayan da aka kawo gidana ta zauna a lungun sito shekara uku. Ta ƙirya ce, ta girme ni, da ita aka kai Inna ɗakin miji. Ƙirya kuwa kun san ta, itacen da maƙera ke son gawayinsa, gara ma tana shakkarsa, shi ya sa ake turmi da taɓarya da shi. Tsakiyarta inda hannu ke kamawa ya yi sulɓi yana ƙyalli kamar an shafa mai. 'Yar tawa kuma a hannun Inna ta tashi, tun yaye aka kai mata ita kamar yadda aka saba yi da ɗan fari, sai da ta shiga sakandare ta dawo gabana. Geron kununta, da furarta, da dakan yajin da ta tashi tana lasa, duk da wannan taɓaryar aka yi. Ni da na haife ta ko sunanta ba na iya kira a gaban mutane, balle in zaunar da ita in ce mata wani abu mai taushi ranar da za ta bar gida. Na ga in na rufe mata humrarta da taɓaryar kakarta, na faɗi abin da bakina ba zai iya ba.

Daren nan na auna ta da tef ɗin ɗinki. Tsawonta inci 54. Kawunan biyu kowanne inci 10 a tsawo, kaurinsu inci 3 da rabi, mariƙin tsakiya inci 34, kaurinsa inci 2 ba kaɗan. Na ɗauko biro. Wai ni da aka ce na ji jiki, sai ga ni ina sake yanka inci bibbiyu a takarda, ina tsaga kawunan gida hurhuɗu. Lissafi ya ba ni sama da 50. Na yi murna, na rubuta sunaye 50: amarya, dangin ango, ƙawayenta, 'yan'uwana, har da matan layinmu.

Da safe na saɓa taɓarya a kafaɗa na ratsa ta cikin tireloli, yaran mota suna ta yi mini dariya wai Hajiya wa za a daka. Baba ya karɓa ya daɗe yana shafa ta, don ya san mai ita. Na miƙa masa takardata. Ya karanta lambar ƙarshe ya ninke ya miƙo mini, ya ce, "Je ki kawo kwalaben tukuna. Ba itace ake fara aunawa ba, bakin kwalba ake fara tambaya."

Na kwaso su a kwali. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu kamar hantsaki yana zura wa kowace a wuya, ya raba su kashi uku a kan benci, masu bakin rabin inci, masu inci 1 ba kwata, da masu inci 1 cif. Ya ware wasu guda biyar ya ce waɗannan wuyansu ta ciki ba daidai yake ba, ko wane marfi aka sa musu sai sun yi yoyo, in zuba musu man kitso. Sannan ya ɗauki fensir ya zana mini a jikin bencin. Gunduwa ɗaya inci 3 a tsawo: inci 1 wuyan da zai shiga kwalba, inci 1 da kwata kan da hannu zai kama, sauran na inji da zarto. Kauri kuma, ƙananan kwalabe da matsakaita kada ya gaza inci 1 da rabi, manya su doshi inci 2, don kan marfi dole ya fi leɓen kwalba faɗi ya rufe shi, in ba haka ba ƙura ta zauna a wurin, kuma ido ma ba ya son ƙaramar hula a babban kai. Sannan jijiyar itacen ta bi tsawon marfin, in ta gitta, ranar da aka murɗa da ƙarfi kan zai ɓalle ya bar wuyan a cikin kwalba.

Ya juyo kan taɓaryar. Mariƙin ba a tsaga shi, gunduwa 10 zai bayar. Kai mai lafiya, inci 1 na bakinsa ya daddage da daka ba shi da amfani, sauran a yanka uku, kowanne a tsaga biyu, 6 ke nan. Na ce Baba huɗu dai. Ya zana da'ira a ƙasa da tsinke ya raba ta huɗu, ya ce in zana babbar da'irar da za ta shiga cikin yanki ɗaya. Na zana. Da ya sa tef, bayan an cire cin zarto, da kaɗan ta wuce inci 1 da kwata, kafin inji ya ci nasa. Ya ce, "Kin ga 'yan'uwan na Hajiya." Na yi shiru. Kan da ya tsage kuwa, ya ƙwanƙwasa shi da bayan cizal yana saurare, ya sa fensir inda sautin ya sauya, tsagar ta yi nisan inci 6 a ciki alhali a waje rabin haka ake gani. Nan 2 kawai za a samu.

Ya ce, "18."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce Baba mutum 50 na rubuta. Ya ce, "'Yar nan, ki ga malainar can, in kin ɓata ta gobe a sauke wata tirela. Wannan fa in na sa mata zarto ba wata. Ko ki samu 18 da jikokinki za su gani, ko ki samu 50 da za a share da tsintsiya bayan biki. In kuma kin fasa ki mayar da ita sito, ba laifi ba ne." Ya ce in bar ta ta kwana a wajensa, shi ma zai yi tunani.

Ɗana na biyu da ya rako ni, a hanyar komawa ya duba a wayarsa wai ko Baba ya cika tsanani. Ya nuna mini ashe a Amurka da Ingila akwai masu wannan aikin don sha'awa, har gunduwoyin ake sayar musu a yanke, kuma awon da aka fi sayarwa inci 1 da rabi ne ko ta ina, tsawo inci 2 da rabi zuwa 3. Su wuyan da ƙarfe ko roba suke yin sa, ko da ɓawon wani itace da ƙasar Fotugal ta fi kowa nomansa, wanda sai bayan shekara 9 ake sake ɓare bishiya ɗaya. Da ya gaya wa Baba washegari, Baba ya ce to madalla, ashe Turawan ma suna da hankali.

Tunanin da ya kwana yi kuwa ya yi rana. Ya ce mariƙin ba sai an yanka ɗaiɗai ba. In ya yanka inci 5 da rabi ya murza marfi biyu a jiki ɗaya, kai da kai suna haɗe, sai a ƙarshe ya raba su, rabon haƙoran inji sau ɗaya za a biya a madadin sau biyu. Da haka 10 ta koma 12, jimla 20. Na ce cibiyar itacen fa da ka ce tana tsagewa? Ya ce abin da zai tsage a jikin wannan ya gama tsagewa tun ba a haife ki ba.

Ina tsaye ya sa zarto. Ban san zan ji abin da na ji ba, sai da na juya baya ina kallon titi har ya gama yankan farko. Cikinta ja ne mai duhu kamar hanta, ba irin baƙin wajen ba. Ƙirya ta ba shi wuya, bayan kowane marfi biyu sai ya koma dutse ya wasa cizal. Da aka zo kan kawunan kuwa, garin da ke tashi ya sa mu atishawa gaba ɗaya har da mai shayin gefe, Baba yana share hawaye yana cewa yajin Inna ne na shekara arba'in yake gaishe mu. Ɗaya daga cikin biyun da aka ciro a tsagaggen kai ya tarwatse a kan inji, ɓari guda ya wuce ta gefen kunnen yaron Baba ya daki kwanon rumfa. Ashe tsagar ta wuce inda fensir ya tsaya. Saura 19. Kowanne ya yi masa 'yar tsaga a wuya ya zura zoben roba irin na masu gyaran injin ban-ruwa, don ya ce katako da gilas su kaɗai ba sa riƙe mai, ya goge da samfefa, ya murza musu kakin zuma suna juyawa har suka ɗauki ƙyalli. Ya sa na cika kwalba uku da man gyaɗa na kwantar a kan farar takarda kwana bakwai cikin hunturun Janairu. Takarda ta tashi fes.

Biyan Baba ma sai da ya zama labari, don lokacin canjin kuɗi ne, tsofaffin ana gudunsu sababbin ba a ganinsu, har jiharmu da Kogi da Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Shi ba shi da asusun banki. Da tiyar shinkafa huɗu da kwalbar humra ta matarsa muka rabu, sauran na tura wa yaronsa ta waya.

Sauran kwalabe 31 da wani tsohon ƙyauren maɗaci aka yi musu marfi, a kan awon Baba, suka yi kyau abinsu. Dangin ango su suka samu, har yau ba su san da wani bambanci ba. Aikin da ya hana ni barci shi ne mayar da suna 50 zuwa 19. Amarya 7. Ƙannenta mata biyu na ajiye musu bibbiyu don ranarsu. Ni 1. Sauran 7 na 'ya'yan Inna da ƙannenta biyu da suka rage. Akwai aminiyata ta shekara ashirin da na soke sunanta na mayar na sake sokewa.

A nan ne kuma na gane kuskuren da ya fi na malaina. Ban shawarci kowa ba. Ni a ganina tsagaggiyar taɓarya ce da aka watsar a sitona. Ana saura kwana uku biki, a Fabrairun 2023, Yaya babba ta iso daga Zariya, na jawo ta ɗaki da murnata na zube mata su a kan gado na ce ta canki ko mene ne. Da na faɗa mata sai fuskarta ta sauya. Ta ce, "Taɓaryar Inna kika yanka?" Na ce Yaya ai ta tsage. Ta ce, "Ta tsage a hannun wa? A hannuna ta tsage, ranar sunan autanki, ina daka muku. Ke kin taɓa daka da ita sau nawa? Kina ɗaki kina rubuce-rubuce." Ta ce ajiya aka ba ni ba gado ba, kuma ita da ta san tana nan da ta ɗauke ta ta jingine a ɗakinta yadda take. Ba ni da amsa, don gaskiya ta faɗa. Duk awon da muka yi da Baba, na kwana da na wuni, ban taɓa kawo cewa akwai mai son ta a inci 54 ɗinta ba.

An yi biki lafiya. Daren da za a kai amarya na shiga na sa mata kwalaben 7 a akwati da hannuna, na ce, "Marafan nan na taɓaryar Inna ne, kada ki bari su ɓata." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan na fito. Ƙanwarta ce ta gaya mini daga baya wai ta zare ɗaya ta damƙe a hannu har gidan miji, humrar ta zube mata a jikin lafaya ba ta ko kula ba.

Sassaƙen da garin da Baba ya tara mini a leda, na yi dabarar in jiƙa su da turare da sukari in yi turaren wuta, kowa a cikin hamsin ɗin nan ya samu rabonsa. Na gwada kaɗan a kasko. Maigida ya fito daga ɗaki ba hula yana tari yana tambayar wa ya ƙona barkono. Na haƙura na binne su a gindin zogalen bayan ɗaki.

Yaya kuwa ta tafi Zariya ba ta ɗauki nata ba. Da ƙaramar sallah na kai mata har gida, ta karɓa ba ta ce komai ba, ta zare marfin ta miƙo mini kwalbar wai ita humra tana sa mata ciwon kai. Bara da na je dubiyarta na buɗe jakar da take ajiye carbi da katin asibiti zan ɗauko mata magani, na gan shi a ciki, ya ƙara duhu don shafa. Ban nuna na gani ba. Tsagaggiyar gunduwar nan ta inci 6 da autana ya so kai wa murhu, ita ce kaɗai abin da ya rage wanda inji bai taɓa ba, bakin dakan yana nan yadda Inna ta bar shi. Jibi in Allah Ya kai mu akwai mai zuwa Zariya, na riga na naɗe ta a sabon ɗankwali.